Yadda za ka zaga manyan kantunan Dubai ka yi sayayya ba tare da asarar kuɗi da lokaci ba

Babban kuskuren baƙo a Dubai shi ne ya ɗauka duk wuraren sayayya iri ɗaya ne, ya shiga wanda ya fi suna ya fara kwasar kaya. Kasuwancin garin kashi uku ne. Akwai manyan kantunan zamani da ake kira mol, inda farashi ke rubuce a jikin kaya, babu tayi, amma akwai rasit da garanti. Akwai tsofaffin kasuwanni na Deira da Bur Dubai, inda ake ciniki baki da baki kamar a Kantin Kwari. Sai wuraren sari irin su Dragon Mart. Kowane kaya da inda ya kamata a saye shi, kuma wanda ya rikita wannan lissafi yakan biya kuɗi mai yawa a kan abin da ke da araha a wata unguwa, ko ya sayi jabu a inda ya kamata ya nemi na asali.

Kafin ka fita daga masauki

Ka rubuta abin da ka zo saye a takarda, ka raba shi gida biyu: wanda za ka yi amfani da shi da kanka ko ka kai tsaraba, da wanda za ka sayar. Na farko shi ne na mol. Na biyu ba ruwansa da mol sai dai don ganin yayi da sanin farashi.

Dirhami a ɗaure yake da dalar Amurka tun 1997, dala ɗaya dirhami 3.67 da 'yan kai. Saboda haka farashin canjin dala ba ya hawa da sauka, bambancin da za ka gani tsakanin shagunan canji kaɗan ne, kuma na filin jirgi da na otal su ne suka fi cin mutum. Ka canza abin da zai kai ka masauki kawai a filin jirgi, saura ka canza a shagunan canji na cikin gari, da fasfo a hannu. Wanda ya shigo ƙasar da tsabar kuɗi da suka haura dirhami 60,000 ko kwatankwacinsu wajibi ne ya bayyana wa jami'an kwastam. Idan kuma da kati za ka biya, na'urar kan tambaya ko da dirhami za a cire ko da kuɗin ƙasar da katin ya fito. Ka zaɓi dirhami. In ka zaɓi ɗayan, kamfanin na'urar ne zai yi maka canji da farashin da ya ga dama.

Sai katin Nol, wanda da shi ake shiga jirgin ƙasa na cikin gari, wato metro, da bas. Mai launin azurfa shi ya fi dacewa da baƙon da zai yi kwanaki. Kuɗin tafiya ya danganta da yankuna nawa ka ratsa, daga dirhami 3 zuwa 7.5. Dole ka taɓa katin a ƙofar shiga ka kuma taɓa a ta fita, a bas ma haka, domin in ka manta taɓawar fita za a cire maka kuɗin tafiya mafi nisa. Akwai tarago na mata da yara, namijin da ya shiga tarar dirhami 100 ce a kansa. Ci da sha a cikin jirgi, har da taunar cingam, su ma tara ce.

Ka fahimci shimfiɗar garin

Dubai doguwa ce, ta miƙe a bakin teku, kuma Jan Layi na metro ya bi tsawonta. Daga wajen filin jirgi, za ka fara tarar da City Centre Deira, sai tashar Union, sai BurJuman, sai Dubai Mall, can gaba Mall of the Emirates, sannan Ibn Battuta a ƙarshen gari. Koren Layi kuwa shi ke zaga tsohon gari: Baniyas Square, Gold Souq, Al Ras, Al Ghubaiba. Layukan biyu suna haɗuwa a Union da BurJuman. Sunayen wasu tashoshi kan canza saboda kamfanoni na sayen sunan, don haka ka dogara da taswirar da ke manne a tashar, ba tsohuwar da wani ya turo maka ba.

Kada ka haɗa wurare biyu masu nisa a rana ɗaya. Deira da Bur Dubai rana guda. Dubai Mall rana guda. Mall of the Emirates da Ibn Battuta za su iya haɗuwa tunda hanyarsu ɗaya. Dragon Mart shi kaɗai yake cin yini.

Mol-mol kan buɗe da ƙarfe 10 na safe su kai 10 na dare ko sha biyu, a ƙarshen mako su ƙara. Tun Janairun 2022 hutun mako a Dubai Asabar da Lahadi ne, Juma'a rabin rana. Mai son ya yi sayayya a natse ya je tsakanin Litinin da Alhamis, da hantsi. Kasuwannin Deira kuwa shaguna da yawa kan rufe da tsakar rana su sake buɗewa bayan la'asar, ranar Juma'a kuma da safe ba a cika samun su a buɗe ba.

Rana ta farko: City Centre Deira, don sanin farashi

Wannan mol ɗin an buɗe shi a 1995, ba shi da ƙyalƙyali irin na sababbi, amma shi ya kamata baƙo ya fara da shi, musamman wanda ya sauka a otal-otal na Deira. Tashar metro na manne da shi. A ciki akwai babban kantin Carrefour da shagunan kayan lantarki da na tufafi masu matsakaicin farashi. Abin da za ka yi a nan shi ne awo: ka ɗauki takardarka ka bi kaya ɗaya bayan ɗaya kana rubuta farashi da cikakkiyar lambar samfur. Waya ko talabijin ko injin markaɗe kan yi kama da juna a ido amma lambar ta bambanta da harafi ɗaya, farashi kuma ya bambanta da ɗaruruwan dirhami. Da wannan takarda za ka shiga kasuwa gobe, dillali ba zai iya faɗa maka abin da ya ga dama ba.

Dabino, cakulan, madara, sabulu, man shafawa da sauran tsarabar gida a manyan kantunan abinci irin su Carrefour da Lulu ake sayensu. Dabinon da aka shirya a kwalin ado a shagon alfarma kan ninka farashin na awon kilo sau da yawa, alhali iri ɗaya ne. Al Ghurair Centre, wanda ke tsaye tun 1981 kusa da tashar Union, shi ma yana biyan irin wannan buƙata kuma ya fi sauƙin cunkoso.

Dubai Mall

An buɗe shi a Nuwamban 2008, yana da shaguna sama da 1,200, yana gindin Burj Khalifa, dogon bene mai tsawon mita 828. Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne nisan da ke tsakanin tashar metro da ƙofar mol ɗin: gada ce rufaffiya mai sanyi, tsawonta ya haura mita 800. Akwai shimfiɗa mai tafiya da kanta a ciki, amma duk da haka ka ware minti goma zuwa sha biyar. Mai tafiya da tsoho ko mai ciwon gwiwa gara ya ɗauki tasi ta sauke su a ƙofa, sannan ya tambayi teburin masu ba da bayani keken guragu.

Ka shiga da tsari. Ka zaɓi shaguna biyar ko shida, ka neme su a allunan taswira masu taɓawa da ke kowace mahaɗa, ka jera su hawa-hawa, ka gama da hawa ɗaya kafin ka hau na gaba. Wanda ya bi ido kawai zai yi awa huɗu yana zagaye wuri ɗaya, ya fito da ƙafa a kumbure bai sayi rabin abin da ya kawo shi ba. Idan ku da yawa ne, ku tsayar da wurin haɗuwa mai sauƙin ganewa, kamar gaban katafaren gilashin kifaye ko filin ƙanƙara da ake zamiya, ku sa wa kowane yaro lambar waya a aljihu. Ka kuma ɗauki hoton ƙofar da ka shigo.

Ɓangaren Fashion Avenue na manyan sunaye ne masu tsada, kallo ya ishi yawancin mutane. Abin da ya dace a saya a Dubai Mall shi ne abin da ake yawan yi wa jabu a waje: turaren kamfani, agogo, tabarau, takalman wasanni, waya. Za ka biya farashin kanti, amma ka san abin da ka riƙe. Ƙofar hawa Burj Khalifa a hawan ƙasa na mol ɗin take, kuma tikitin lokacin faɗuwar rana ya fi tsada, ya fi saurin ƙarewa, sai a saya ta intanet tun da wuri. Rawar ruwa da ake yi a tafkin waje da daddare kyauta ce, sai dai da an gama ta jama'a kan kwararo zuwa layin tasi gaba ɗaya. Ka fita kafin nan ko ka zauna cin abinci har layin ya ragu.

Mall of the Emirates da Ibn Battuta

Dukansu a 2005 aka buɗe su. Mall of the Emirates, a unguwar Al Barsha, yana da kusan duk shagunan da mai sayayya ke nema a Dubai Mall amma a fili mai sauƙin zagayawa, kuma tashar metro ta fi kusa. Ga wanda sayayya ce kawai ta kawo shi, wannan ya fi. A cikinsa Ski Dubai yake, inda ake ajiye sanyi ƙasa da sifiri domin dusar ƙanƙara. Ana iya kallo ta gilashi ba tare da biyan ko sisi ba. Masu shiga ana ba su rigar sanyi da takalmi, amma a tambaya game da safar hannu kafin a sayi tikiti.

Ibn Battuta an gina shi ne dogo, ya haura kilomita ɗaya, an kasa shi zaure shida da sunan ƙasashen da matafiyin nan ɗan Maroko ya ratsa: Sin, Indiya, Farisa, Masar, Tunisiya da Andalus. Mutumin ba baƙo ba ne ga tarihinmu, domin a 1353 ya isa Takedda a yankin Agadas na yau, ya kuma ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagullar garin. Mol ɗin ya fi sauran natsuwa, ya dace da iyali. Abin lura ɗaya: Jan Layi yana rabuwa biyu kafin a kai nan, wasu jiragen su nufi tashar Expo, ba sa bi ta nan. Ka duba sunan tashar ƙarshe a goshin jirgin kafin ka shiga.

Dragon Mart da kantunan rangwame

Dragon Mart, wanda aka buɗe a 2004 a International City, dandalin kayan Sin ne: fitilu, labule, kayan gini da na banɗaki, kujeru, kayan wasan yara, kyamarorin tsaro, injuna ƙanana. Tsawonsa ya kai kilomita 1.2, daga baya kuma aka ƙara Dragon Mart 2 a gefensa. Metro ba ya zuwa, sai bas ko tasi. Kowane ɓangare na da harafi, kowane shago na da lamba. Ka karɓi katin duk shagon da ka yi ciniki, ka rubuta farashin a bayansa, domin in ka wuce ba lallai ka sake gane shi ba.

A nan ana tayi, kuma farashin ɗaya daban, na dozin daban, na katan daban. Ka fara tambayar na ɗaya, sannan ka tambayi na katan, ka kuma tambayi guda nawa ne a ciki. Duk abin da ke amfani da wuta a kunna maka shi a gabanka. Matsalar da aka fi samu ita ce a nuna maka samfur mai kyau a ɗauko maka katan daga sito wanda bai kai shi ba, don haka ka sa a buɗe katan ɗaya ko biyu da kai ka zaɓa kafin a naɗe. Garantin yawancin shagunan bai wuce na baki ba, kuma ba zai bi ka gida ba.

Dubai Outlet Mall da ke hanyar Al Ain na sayar da kayan kamfanoni da yayinsu ya wuce a kan ragi. Akwai riba a takalma da jakunkuna da kayan yara, sai dai girman da kake nema ba kullum ake samu ba, kuma ba kowane ragi ne na gaskiya ba. Takardar farashinka ta ranar farko ita za ta raba gardama.

Gwal, turare da abaya a Deira

Farashin gwal a Dubai kashi biyu ne, kuma wanda bai raba su ba ba zai iya ciniki ba. Na farko kuɗin giram na ranar, wanda ake nunawa a alluna a kasuwa, kusan ɗaya ne a kowane shago, ba a tayinsa. Na biyu kuɗin ƙira, shi ne ake tayi. A kan jimlar sai a ɗora harajin kashi 5 cikin ɗari. A ce, don misali kawai, giram yana dirhami 400, sarƙa kuma giram 20 ce: gwal ɗin 8,000 ke nan. In mai shago ya ce 9,400 kafin haraji, to 1,400 kuɗin ƙira ne, a nan za ka tsaya ka ja. Ka ce ya rubuta maka ukun daban-daban.

Ka duba hatimin da ke jikin kayan: 916 na nufin karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18. A auna a gabanka, sikelin yana kan sifiri. Sarƙa ko awarwaro mai duwatsu ka tambaya ko an cire nauyin duwatsun, domin ranar da za ka sayar ba wanda zai biya ka kuɗin gwal a kan dutse. Mai sayen gwal don ajiya ya nemi ƙira marar ado sosai, tunda kuɗin ƙira ba ya dawowa. Rasit ya nuna karat, nauyi, farashin giram da sunan shago. Kada ka bi masu tare mutane a hanya suna kiran agogo da jaka masu araha zuwa wani ɗaki a saman bene, jabu ne suke sayarwa.

Man oud da sauran turaren mai da tola ake auna su, kwalbar tola ɗaya kimanin mililita 12, kwata kuma 3. Ka shafa a bayan hannu ka fita ka yi zagaye na rabin awa kafin ka yanke shawara, domin wanda aka sirka yakan yi ƙarfi da farko ya mutu da wuri. A zuba maka daga kwalbar da ka gwada. Abaya kuwa, a kasuwar Naif da kewayenta, lambarta tsawo ne da inci: 52, 54, 56, 58, 60. Hajiyar da za ta yi sari ta zo da awon masu saye, ta ɗaga yadin ta kalli haske don ganin kaurinsa, ta murza duwatsun ado da yatsa ta ga ko ɗinki ne ko gam. Masu sayen yadi su tambaya da yadi ake aunawa ko da mita, tunda yadi bai kai mita ba da kusan santimita 9, a bandir kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kasuwar yadi tana tsallaken ruwa a Bur Dubai, ƙaramin jirgin katako da ake kira abra ke ƙetarar da mutane.

Waya da kayan lantarki

Ka tambayi ƙasar da aka yi wa wayar. iPhone na kasuwar Amurka, daga 14 zuwa sama, ba shi da ramin sim, sai sim na cikin manhaja. Ka tambaya ko garantin na duniya ne ko na yankin Gulf kawai. Ka buɗe kwalin a shago, ka danna *#06# ka gwada lambar da ta fito da ta jikin kwali da ta rasit. Farashin da ya faɗi ƙasa da na Carrefour sosai yawanci alama ce ta wayar da aka gyara aka sake naɗewa. Filogin Dubai mai ƙafa uku ne irin na Najeriya da Ghana, wutar ma ɗaya ce, amma mai komawa Nijar ko Chadi ko Kamaru zai buƙaci adafta.

Karɓo harajinka

Tun 2018 ake cajin harajin kashi 5 a kan kaya, kuma baƙo mai shekara 18 zuwa sama na iya karɓar mafi yawansa idan zai fita. Kamfanin Planet ke gudanar da tsarin. Sayayyar ta kai dirhami 250, shagon kuma ya kasance cikin tsarin. Ka faɗa tun kafin a buga rasit, ka miƙa fasfo a shigar da cinikin da sunanka. A filin jirgi, kafin ka ba da jakunkuna a awo, ka je na'urar Planet ko teburinsu ka tantance, kayan na kusa da kai domin ana iya cewa a nuna. Dole a yi wannan cikin kwana 90 da saye. Kayan dirhami 2,100 harajin da ke cikinsu 100 ne, kuma ba duka za a ba ka ba, ana cire kaso da kuɗin aiki. A kan gwal da waya kuɗin na da auki. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su tura kayan ta kago ko su ba da jaka a awo kafin tantancewa.

Lokacin ragi da ladubban wuri

Bikin sayayya na Dubai, wanda aka fara a 1996, yana kamawa daga Disamba zuwa Janairu, akwai kuma wani ragin a tsakiyar zafi. A lokacin hunturu otal da tikiti kan yi tsada, sai mai ƙaramin jari ya auna ko ragin zai rufe wannan. Kafin ka biya kayan ragi ka tambaya ko ana mayarwa ko canzawa, da kwana nawa, domin kowane shago da ƙa'idarsa.

Kowane mol na da masallacin maza da na mata da wurin alwala, alamar na nan a alluna. Ana son sutura ta rufe kafaɗa da gwiwa. Ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba laifi ne a dokar ƙasar, ba rashin ladabi kawai ba, mai ɗaukar bidiyo ya kiyaye inda yake nuna wayarsa. Wasu kantunan abinci na da ɗaki na daban na naman alade da aka rubuta na waɗanda ba Musulmi ba ne. An kuma hana ledar da ake amfani da ita sau ɗaya, ka riƙe jakar sayayya.

Kai kaya gida

Ka duba kilo nawa tikitinka ya ba ka tun kafin ka fara saye, ka sayi ƙaramin sikelin rataye ka riƙa aunawa a ɗaki. Jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32 ko da ka biya ƙari. Filin jirgin Dubai ba ya karɓar ƙunshi mai siffar ƙwallo ko wanda aka ɗaure da igiya, dole kaya su kasance da gefe ɗaya a shimfiɗe, in ba haka ba a tura ka sake naɗewa a kwali da kuɗinka. Batirin cajin waya ba ya shiga jakar awo. Turare da duk wani ruwa da ya wuce mililita 100 ba ya shiga jakar hannu. Gwal da waya su kasance a jikinka tare da rasit ɗinsu, saboda kwastam na can da na gida.

Kayan sari sai kago. Na jirgin sama da kilo ake biya, na ruwa da girman wurin da kaya suka ci, kuma yana ɗaukar makonni. Kaya masu girma marasa nauyi, kamar fitilu da kayan wasa, a jirgin sama ma ana iya caje su da girma maimakon nauyi, ka tambaya tun farko. Ka yi hulɗa da kamfanin da ke da ofis a Deira da kuma ofis a garin da za ka karɓa, Kano ne ko Legas ko Yamai ko Njamena. A rubuta maka a takarda ko kuɗin ya haɗa da na kwastam, a ƙirga katan a gabanka, ka rubuta sunanka da lambar waya a gefe biyu na kowanne, ka ɗauki hotonsu a kan sikeli kafin ka bar wurin.